Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Ƙasar Zamfara

Duk wanda aka tambaya wuraren da suka shafi rayuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da zai fara zo masa a baki shi ne Degel da Gudu da Sifawa da Sakkwato. Ba kasafai akan tuna da Zamfara ba, alhali kuwa Shehu ya zauna a cikinta har sau biyu, kuma kowane zama da irin abin da ya haifar. Zaman farko na wa'azi ne, ya ɗauki kimanin shekara biyar, kuma a lokacin ne Jama'a ta yi saiwa. Zama na biyu bai kai shekara guda ba, an yi shi cikin yaƙi da yunwa, a cikinsa ne kuma aka ɓata da mutanen da a da su ne masu sauraro. Wanda ya bi tarihin Shehu ta wannan hanya zai ga yadda koyarwarsa ta faro, da irin jarrabawar da ta gamu da ita sa'ad da iko ya shigo hannun almajiransa.

An haifi Shehu ran 15 ga Disamba 1754 a Maratta, cikin ƙasar Gobir, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Nijar. Sunan mahaifinsa Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, watau malami da Fillanci, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Danginsa Toronkawa ne, zuriyar Musa Jakollo wanda ya taso daga Futa Toro, kuma gidansu gidan karatu ne tun kaka da kakanni. Yana yaro iyayensa suka koma Degel. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, sa'an nan ya shiga bin malamai kamar yadda al'adar zamanin take, yawancinsu ma danginsa ne. Daga cikinsu akwai Usmanu Binduri, wanda Shehu ya lazimta wajen shekara biyu, ya ɗauki halinsa na umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Akwai kuma Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas. Malam Jibrilu mutum ne mai zafi a kan al'amarin addini, har ya kai ga kafirta Musulmi saboda manyan zunubai. Shehu ya girmama shi iyakar girmamawa, ya kuma amsa cewa shi ne ya buɗe ƙofar gyara a ƙasar Hausa, amma a kan wannan mas'ala bai bi shi ba, ya ma yi rubutu ya nuna cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Ya kamata a riƙe wannan, don zai sake tasowa a gaba.

Shehu ya fara wa'azi a wajen 1774, yana ɗan shekara ashirin, a Degel da kewayenta, daga baya ya shiga ƙasar Kabi. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya girma da shekara goma sha biyu ko kusa da haka, yana tare da shi kusan ko'ina.

Kafin a bi shi zuwa Zamfara sai an san halin da ƙasar take ciki. A farkon ƙarni na 18 Zamfara tana cikin manyan ƙasashen Hausa, kuma ita ce ta ba Gobirawa masauki sa'ad da suka matso kudu. Baƙo ya yi ƙarfi ya fi mai gida. A wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, wanda kufansa yake wajen Isa, maƙwabciyar Shinkafi, Sarkin Zamfara Maroƙi ya gudu Kiyawa. Gobirawa suka mai da Alƙalawa babban birninsu, a kan filin da ake cewa gonakin alƙalin Zamfara ne, abin da ya jawo sunan ke nan. To, ƙasar da Shehu ya shiga a wajen 1786 ƙasa ce da aka ci da yaƙi shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce: gidan sarautarta ya watse, garuruwanta kowane yana ta kansa, talakawanta suna biyan haraji ga wanda ya rushe musu birni. Irin waɗannan mutane ba su da wuyar sauraron mai magana a kan adalci.

Abdullahi ya ba da labarin wannan zama a littafinsa Tazyinul Waraƙat, inda ya nuna cewa sun tarar jahilci ya yi wa mutanen ƙasar katutu, yawancinsu ba su san komai game da Musulunci ba. Duk da haka kada a ɗauka Zamfara ba ta da malamai, domin Shehu kansa ya saurari tafsirin Alƙur'ani daga farko har ƙarshe a wurin Malam Hashimu Bazamfare. Abin da ya faru shi ne ilmi ya tsaya a zaurukan malamai, bai isa gona da kasuwa da ruga ba. Wurin da Shehu ya sa ƙarfinsa ke nan. Ya zauna a Faru da waɗansu garuruwa, yana yi wa mutane magana da harshen da suke ji, Hausa ga Bahaushe, Fillanci ga Bafillace. Ɗansa Muhammadu Bello ya siffanta majalisinsa a Infaƙul Maisuri: yakan fito da fara'a, ya yi sallama, ya nemi a yi shiru, sa'an nan ya fara, kuma ba ya ƙosawa da mai tambaya kome rashin kan tambayarsa.

Abin da yake koyarwa ba mai nisa ba ne. Yakan fara da tauhidi, ya bi da tsarki da alwala da taimama da salla da azumi da zakka, ya shiga hukuncin ciniki da aure da gado, ya rufe da tsoratarwa da kwaɗaitarwa game da Lahira. A cikin wannan ne yake sukar al'adun da ya tarar: yanka ga itatuwa da duwatsu, da duba, da tauye mudu, da zuba ruwa a nono, da babban ɗa ya haɗiye gado ya bar ƙannensa da mata hannu wofi. Wanda ya dubi jerin nan zai ga rabinsa ibada ne, rabinsa haƙƙin mutane ne, kuma a wurin Shehu ba a raba su.

Abu biyu suka jawo masa rigima da malaman zamaninsa a wannan lokaci. Na farko mata. Maza da mata suna taruwa wurin wa'azinsa, sai wani malami mutumin Barno, Mustafa Gwani, ya same su a Daura (wani gari ne a ƙasar Zamfara, ba Daurar Bayajida ba) ya aiko da baitoci yana neman a hana mata zuwa. Shehu ya sa Abdullahi ya mayar da amsa da waƙa. Hujjarsu ita ce ana ware mata gefe guda, kuma ko da akwai wani aibi a fitowarsu, barinsu cikin jahilcin addininsu ya fi shi muni. A littafinsa Nurul Albab Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai na waje su bar matansu da 'ya'yansu mata kamar kayan ɗaki. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa bayan an komo Degel, ita ce shaidar cewa abin da ya faɗa a waje ya aikata shi a gida.

Na biyu shi ne kafirta talakawa. Akwai waɗansu ɗalibai masu ilmin tauhidi da sukan tare mutum su yi masa tambayoyi masu wuya, in ya kasa amsawa da hujja irin ta littafi su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu ya yaƙi wannan ra'ayi da gaske, har Bello ya ce littattafan da ya rubuta a kansa sun haura hamsin. Matsayinsa shi ne wanda ya furta kalmar shahada, bai kuwa bayyana abin da ke warware ta ba, Musulmi ne, zuciyarsa kuma sai Allah. Ga manomin Zamfara da bai taɓa riƙe allo ba, wannan magana ita ce ta buɗe masa ƙofa. Da Shehu ya bi ra'ayin waɗancan ɗalibai, da Jama'a ba ta wuce 'yan tsirarun malamai da danginsu ba.

A wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta. An ce rabon Shehu miskali 500 na zinariya ne. Bai karɓa ba, sai ya roƙi abu biyar a madadinsa: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Ana cewa cikin waɗanda aka saka har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara. Ko ba a faɗa ba, biyun ƙarshe ba buƙatun malamai ba ne, buƙatun mutanen da aka ci da yaƙi ne, kuma a idon Zamfarawa tun daga ranar Shehu ya zama mai faɗa a ji a gaban wanda suke tsoro.

Bayan ya koma Degel ya kammala babban littafinsa Ihya'us Sunna a 1793. A 1794, yana da shekara arba'in, ya ga wani abu na ruhi wanda shi da kansa ya rubuta: an kai shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa Takobin Gaskiya. Ba da daɗewa ba ya fara nuna wa Jama'a cewa tanadin makami sunna ne. A can Alƙalawa kuwa abubuwa sun sake. Bawa ya rasu, magajinsa Yakuba ya faɗi a yaƙin Kiyawa, Nafata ya hau. Shi ne ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu kada wanda ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Watau duk abin da aka samu a Magami an karɓe. Da Yunfa ya gaji Nafata sai abin ya ƙara tsanani. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu, aka biyo da kamammu ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka ƙwace su. Yunfa ya aiko Shehu ya fita da iyalinsa kawai ya bar sauran. Ya ƙi rabuwa da Jama'arsa. Ran 21 ga Fabrairu 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a can aka yi masa mubaya'a, a watan Yuni kuma aka kori rundunar Yunfa a Tafkin Kwatto.

Nasarar ba ta ciyar da kowa ba. Jama'a ta bar gonakinta, ga mata da yara da dabbobi, ga damina ta wuce ba a yi noma ba. A ƙarshen 1804 aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, aka rasa kimanin mutum 2,000, daga cikinsu wajen 200 mahaddata Alƙur'ani ne. Ina za a nufa? Sai Zamfara, inda ake da masoya, inda kuma Sarkin Zamfara yake ganin abokin gāban Gobir abokinsa ne. A farkon 1805 Shehu ya sauka a Sabon Gari, ya yi wata bakwai ko kusa da haka. Daga nan ne aka fita aka ci Birnin Kabi a watan Afrilu.

A wannan zama ne abin ya ɓaci. Mutanen da suka zo shekara ashirin da suka wuce da littattafai a gafaka, yanzu sun komo dubbai, da kwari da baka, da ciki wofi. Ƙasa ba ta iya ɗaukarsu, ga yunwa ga cuta. Masu fita neman abinci suka daina bambanta rumbun masoyi da na maƙiyi. Abin lura shi ne ba maƙiyan Jama'a ne suka adana wannan labari ba. Bello ne da kansa ya rubuta cewa mutanensu sun zalunci Zamfarawa, shi ya sa suka juya. Kafin shekara ta ƙare garuruwan Zamfara da yawa sun koma bayan Gobir, Shehu kuwa ya tashi zuwa Gwandu. A kan hanyar zuwa yaƙin Alwasa, a ƙarshen 1805, rundunar ta washe wani gari da ke da amana, Abdullahi da Bello suka yi ƙoƙarin hanawa abin ya fi ƙarfinsu. Da aka sha kashi a Alwasa, aka rasa wajen mutum 1,000, shugabannin ba su ɗora laifin a kan yawan abokan gāba kaɗai ba, sun ɗauke shi sakamakon wancan saɓo.

Wanda ya ceci al'amarin a gabas shi ne Namoda, jagoran Fulanin Alibawa. A 1806 ya karya taron Gobirawa da Azbinawa da Zamfarawa a Fafara, kusa da Zurmi, daga nan hanya ta buɗe tsakanin Shehu da magoya bayansa na Katsina da Kano. Namoda yana cikin manyan da suka kewaye Alƙalawa tare da Bello da Aliyu Jedo har aka ci ta a watan Oktoba 1808, aka kashe Yunfa. Shi kuma ya rasu a 1810 wajen yaƙin Kiyawa, birnin nan da ya karɓi Maroƙi, ya kuma ci Yakuba. Sunansa ne garin Ƙauran Namoda yake ɗauke da shi. Sai dai nasarar Fafara tana da wata fuska. Arewacin Zamfara ya shiga daular ne ta hannun takobi, aka kuma danƙa riƙonsa ga Alibawa, a Zurmi da Ƙaura, ba ga tsohon gidan da aka roƙa wa 'yanci a Magami ba.

A nan ne tsohuwar mas'alar kafirtawa ta komo da nauyinta. Mutumin da ya ƙi kafirta mai zunubi, ya ƙi kafirta jahili, yanzu dole ya yanke hukunci a kan Musulmin da ya ɗauki makami ya tsaya a sahun Gobir. Shehu ya dogara ga fatawoyin Magili, ya ce jiɓintar kafirai a kan Musulmi kafirci ne. Hukuncin yana da tushe a littattafai, amma a filin yaƙi wanda ke riƙe da mashi shi ke fassara shi, kuma a bayansa akwai ganima da bayi. Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno ya kama daidai wannan gaɓa a wasiƙun da ya yi musaya da su Bello, yana tambayar da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi. A cikin gida ma ba a yi shiru ba. A 1807 Abdullahi ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, saboda abin da ya gani na son mulki da tara dukiya da ƙwaraƙwarai a wurin waɗansu. Mutanen Kano ne suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sa'an nan ya komo.

Shehu bai riƙe mulkin yau da kullum ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa ya koma Sifawa, a 1812 ya raba kula da ƙasa tsakanin Abdullahi da Bello, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu. Rubutunsa na waɗannan shekaru iri biyu ne, kuma sai an haɗa su ake gane shi. A gefe guda yana sassautawa: a Najmul Ikhwan da makamantansa ya nuna cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa, kamar kaɗe-kaɗe a waɗansu wurare da tufafin ado ga shugabanni da sunayen sarauta, ba a tsananta wa mutane a kai, ko da yake Abdullahi yana da ra'ayi mafi tsauri. A ɗaya gefen kuwa, kan haƙƙin talaka, bai sassauta ko kaɗan ba. A Kitabul Farƙ ya lissafa halayen mulkin da aka yaƙa, ya kira su da sunayensu na Hausa a cikin Larabci, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, don kada sababbin masu mulki su ce ba su gane ba. Waƙarsa da aka sani da Tabbat Haƙiƙa, wadda ya yi da Fillanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa daga baya, gargaɗi ce ga mai mulki da alƙali da mai cin dukiyar mutane, kuma a lokacin da aka yi ta babu sauran Sarkin Gobir a Alƙalawa da za a ce da shi ake.

Akwai wani abu kuma da ya ƙi. Mutane da yawa sun so su ce shi ne Mahadi, ga nasara, ga labarin karamomi, ga abin da ya gani a 1794. Ya musanta wannan a fili, har ya rubuta Tahzirul Ikhwan a 1814 yana jan kunnen Jama'a game da masu irin wannan da'awa. Girman wannan mataki yakan fito in an dubi abin da ya faru a wata nahiya a ƙarnin nan guda. A Amurka, Joseph Smith, wanda aka haifa a 1805, shekarar zaman Sabon Gari, ya ce mala'ika ya nuna masa wani littafi a kan allunan zinariya. Ya buga shi a 1830, ya kafa addinin da aka sani da Mormon, ya ci gaba da kawo sababbin hukunce-hukunce da sunan wahayi har aka kashe shi a 1844, mabiyansa suka yi ƙaura zuwa Utah a 1847 a ƙarƙashin Brigham Young. A can, abin da shugaba ya ce ya gani shi ya zama shari'a. Shehu kuwa bai gina hukunci ko ɗaya a kan abin da ya gani ba. Duk abin da ya umurta sai ya kawo aya ko hadisi ko maganar malaman da suka gabata, shi ya sa ƙanensa ya iya yi masa gardama da littafi, shi ya sa kuma Al-Kanemi ya sami abin kamawa.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato, garin da Bello ya kafa a 1809. Ya yi jinya mai tsawo, ya rasu ran 20 ga Afrilu 1817 yana da shekara 62, aka rufe shi a inda ake kira Hubbare. Allah ya jiƙansa.

Labarin rasuwarsa bai gama bazuwa ba sai da yawancin Zamfara ta tayar, Bello ya fara sarautarsa da yaƙi a ƙasar da mahaifinsa ya yi shekara biyar yana wa'azi. Malam Abdussalami, wanda saboda mutanensa aka yi hijira, shi ma ya yi tawaye a Kware, yana ƙorafin rabon da aka yi masa da kuma zaluncin da ya ce yana gani. Aka ci Kware a farkon 1818, ya fita da rauni, ya rasu a Bakura. Tsohon gidan sarautar Zamfara daga baya ya zauna a Anka, ya riƙe sunan Sarkin Zamfara, Alibawan Zurmi su ma suka riƙe wannan suna, na Ƙauran Namoda kuwa aka san su da Sarkin Kiyawa.